Shimfiɗar Takalmin Auta

Asabar, da hantsi

Auta ya dawo. Abokinsa Barkono da wani mutum da ban sani ba suka cicciɓo shi daga mota suka hawo da shi bene. Na ce a zaunar da shi a kujera. Barkono ya ce, "Umma, kwantarwa dai." Sai na ga ƙafafun.

Ba zan rubuta yadda suke ba. Da furfura a kaina na koyi rubutu, kuma ba don wannan na koya ba.

Abin da na sani kaɗan ne. An ce kaya sun ɓace a siton da yake dako. Shugaban masu gadin wurin, wanda suke kira Mai Tabarau, ya ce ya shigo ɗakin baya su yi magana. Ana can ana wannan magana, ni ina nan ina bin asibitoci ina leƙa fuskokin 'ya'yan mutane. Wasu sun ce an ga kayan daga baya, wasu sun ce ba a gani ba. Ni dai ba kaya na haifa ba.

Fuskarsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Barkono ya ce da gangan suke yin haka. Duka a tafin ƙafa, da tiyon ruwa, yadda wanda ya gan ka a zaune zai ce lafiyarka ƙalau.

Asabar, da yamma

Bai ci ba. Ya juya fuska bango.

Litinin, da rana

Mun kai shi asibiti ni da Yaya. 'Yata ce babba, amma tun Auta yana koyon magana kowa a gidan nan Yaya yake ce mata, har ni da na haife ta. Ta rufe shagon ɗinkinta ta zo, bakinta bai huta ba tun daga gida har layin ganin likita.

Likita ya ɗaga hoton ƙafar a gaban fitila ya ce ƙashi bai karye ba. Amma akwai wata jijiya mai faɗi da ta tashi daga dunduniya zuwa gindin yatsu, kamar tsirkiyar baka, ita ke riƙe da kwarin tafin ƙafa. Ta daku, ta yage a wurare, kwarin ya zube. Ya ce me ya same shi. Auta ya ce faɗuwa ya yi.

Likita ya dube shi ta saman gilashinsa ya ce, "Daga ina ka faɗo, samari, da ka yi ta sauka a kan tafin ƙafa kana sake hawa?"

An rubuta magani. An ce idan kumburi ya saɓe mu je ɗakin da ake yin ƙafafun roba, a auna shi a yi masa shimfiɗar cikin takalmi mai tokare kwarin ƙafa.

Alhamis, da safe

Safiya ce abokiyar gabarmu. Takun farko idan ya tashi daga barci, ya ce kamar an kafa ƙusoshi an ce ya hau. Yau ya ce ba mai raka shi banɗaki. Ya dafa gado ya miƙe, sai ihu. Na taho da gudu, ya ce in fita. Ya jefi bango da kofin shayi. Ya jefi ƙofa da bokiti. Ya yi ashar irin wanda ban san yana da shi a baki ba, yaron da ko kaza aka yanka sai ya kau da kai.

Na share kwalaben. Na tafi gidan wankin da nake guga. Na ƙona wuyan rigar wani, mai shagon ya yi ta faɗa, ina kallon bakinsa ba na jin komai.

Lahadi, bayan azahar

Barkono ya zo da lemo. Tare suka tashi da Auta, na sha zane shi da hannuna yana ƙarami. Yanzu haya yake da babur, ga gajarta ga zafin kai, sunan bai bar shi ba. Daga ƙofa ya fara, "Har yanzu ana kwance? Umma, wannan mai jegon naku yaushe za a yi suna?"

Auta ya yi dariya. Tun da aka kawo shi ban ji ta ba. Na shiga kicin na toshe bakina da gefen zane.

Amma da na dawo da shayi sai suka yi shiru. Na san shirun da yara ke yi idan babba ya shigo. Wannan ba shi ba ne.

Laraba, da hantsi

Jiya muka je awo. Ɗakin yana can bayan asibiti. Ƙafafun roba a rataye a bango, wasu da safa, wasu har da takalmi. Warin gam ya cika ko'ina, injin gurza yana ta ƙugi. Barkono da ya rako mu ya ce, "Kai Auta, zaɓi biyu mu wuce kawai. Waccan ma ta fi taka kyau."

Mai aikin mace ce, gajera, farar ƙura har a girarta. Malama kowa ke ce mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Mu ƙafa muke gyarawa. Da muna gyaran baki da da kai zan fara. Jira a waje."

Ta kawo akwati mai soso a ciki, mai taushi, wanda idan ka taka sawunka ke zama. Ta durƙusa ta kama tafin ƙafar Auta za ta sa. Ban ga yadda aka yi ba. Na dai ga Malama ta bugu da tebur, kwanonin filasta sun zube, ga jini a leɓenta. Shuri ya kai mata. Yana zaune, idonsa ba a ɗakin yake ba, yana cewa, "Kar ka taɓa. Kar ka ƙara taɓawa."

Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta goge bakinta ta ce masa, "Ba kai ne farau ba. To ni na bari. Kama abarka da hannunka ka sa."

Ya sa. Sawun ya fito shafal, kamar an ajiye bulo an ɗauke. Ta nuna mini tsakiyarsa da yatsa. "Mama, nan tudu ya kamata ki gani. Kwarin ƙafa kamar gada yake. Idan ta zube, duk nauyin mutum a kan jijiyar nan yake sauka, kullum yana sake yaga ta. Zan gina masa tudun da zai tokare wurin, ta samu ta huta ta warke."

Da muka iso gida sai ya ce, "Umma, mace na shura." Na ce ta yafe. Ya ce, "Ba ni na shure ta ba ai. Na san wanda ya shure ta."

Asabar

Na je ofishin da ake kai ƙara. An ce in zo da wanda aka daka ya faɗa da bakinsa. Wanda aka daka ya ce faɗuwa ya yi.

Talata, da yamma

An karɓo shimfiɗar. Guda biyu, kowace kamar tafin hannu da rabi. Sama yadi mai laushi, ƙasa roba mai tauri, ga tudun a gefe guda. Abu ɗan wannan.

Akwai takarda a ciki. Yaya ta miƙa hannu, na ce a'a, ni zan karanta. Lokacin da nake zuwa ajin manya Auta ne ke duba mini aikin gida yana yi mini dariya, yau sai ya saurara. Na karanta da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. A fara sawa na ɗan lokaci a yini, ana ƙarawa a hankali. Kada a jiƙa. Kada a ajiye kusa da wuta. Kada a yanka, kada a gurza, in ta matsa a mayar wa mai yi ta gyara.

Yaya ta tafa. Auta ya ce, "Umma ta zama lauya, sai a kiyayi gidan nan."

Aka sa a takalmansa na zane. Ya ɗaure igiya. Ya dafa kafaɗar Yaya ya miƙe, duk mun riƙe numfashi muna jiran ihun. Bai zo ba. Ya saki kafaɗar. Ya taka har bakin ƙofa ya juyo, ya ce, "Umma, kamar an sa mini hannu a ƙasa an tallafe ni."

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Allah ya yi wa matar nan albarka, ita da zuriyarta.

Juma'a

Ya kai shagon mai burodi ya dawo.

Litinin

Ya wuce shagon mai burodi. An ce a hankali, shi ba ya jin a hankali. Ya ci abinci har da ƙari. Ya kamata in yi murna. Ina murna.

Laraba, da rana

Na dawo da wuri saboda an ɗauke wuta a wurin aiki. Na tarar da ƙofar ɗakinsa a sakaye, ina jin wani sauti, ƙeƙ, ƙeƙ, ƙeƙ. Na san ƙarar ƙarfe a kan dutsen washi.

Muryar Barkono: "Ba tafiya ake so ba, gudu. Shiga ba wuya, fita ce aikin. Ranar da ka iya gudu daga nan zuwa gada ba ka tsaya ba, ranar za mu gaisa da Mai Tabarau."

Auta ya ce, "Ni ƙafarsa kawai nake so. Duka biyun."

"Kai ka ɗauki ƙafa. Sauran namu ne."

Na koma da baya a hankali na zauna a matakala. Da suka fita na ɗaga katifarsa. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Tsawonta ya kai hannuna, an naɗe ƙotar da robar taya.

Ashe ba shagon burodi yake zuwa ba. Gwaji yake.

Alhamis, da yamma

Na yi masa magana. Na ce na gani. Na ce ka dubi maraicinka, ka dubi furfurata. Na ce mutanen nan suna da ƙarfe, suna da masu tsaya musu, kai wa gare ka in ba ni ba? Na durƙusa. Ni da na haife shi na durƙusa masa.

Ya ce, "Tashi, Umma. Ba ki san abin da aka yi a ɗakin nan ba."

Na ce gaya mini.

Ya ce, "Suna yi suna cin gyaɗa."

Yaya ta shigo a kan maganar, ita kuwa ba ta iya lallashi ba. Ta ce, "Kai ɗin? Kai da jiya jiya sai an riƙe ka kake fitsari? Je ka mana, su ƙarasa abin da suka fara, mu huta da wankin fo!"

Ya shaƙe ta. Ya haɗa ta da taga, gilashin ya fashe, na ga jini yana bin bayan kunnenta. Na kama hannunsa na cije shi. Na ciji ɗana har na ji gishiri a bakina, sannan ya saki. Ya tsaya yana kallon hannayensa. Ya ɗauki takalma ya fita.

Yaya tana zaune ina ciro mata kwalba daga gashi, ta ce, "Umma, wallahi gara lokacin da yake kwance."

Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Asabar

An gan shi yana sassarfa a filin bayan makaranta. Mai burodi ne ya gaya mini, yana yi mini barka.

Lahadi, da safe

Ya shiga wanka. Takalman suna bakin ƙofa.

Na zaro shimfiɗar na juya bayanta. Na ɗauko wuƙar da nake yanka albasa. Ta ƙasa na bi, ƙarƙashin tudun, na fere kaɗan kamar mai fere dankali, yadda ta sama ba za a ga komai ba, sai an taka ta lotsa. Robar ta yi gardama, sai da na sa ƙarfi. Na goga wurin a siminti ya yi duhu. Na mayar. Ɓawon na ƙulle shi a bakin zane, na zubar a kwandon sharar wurin aiki.

Kaɗan ne. Don ya rage sauri ne kawai. Don zuciyarsa ta samu ta huce kafin ƙafar ta kai shi.

Ya fito yana goge kai ya ce, "Umma, lafiya? Kin yi gumi." Na ce kicin ne.

Litinin

Ya dawo yana ɗan ɗingishi. Ya ce ƙila ya yi yawa ne jiya. Na dafa ruwa na gasa masa da hannuna. Yanzu ni kaɗai yake bari in taɓa wurin.

Laraba

Bai fasa ba. Yana cije baki yana fita.

Na ƙara ferewa.

Juma'a, da hantsi

Ihun safiya ya dawo. Na ji shi ina kicin, wuƙar tana hannuna ina yanka kayan miya, sai na sake ta ta faɗi. Ya doki ƙofar banɗaki da hannu har katakon ya tsage.

Duk da haka ya ɗaure takalma ya fita. Wane irin yaro na haifa? Taurin kan ubansa ne, Allah ya ji ƙansa, wanda ya tafi aiki da zazzaɓi har aka dawo mini da shi a kwance.

Kaɗan nake ferewa. Kullum kaɗan.

Lahadi, da yamma

An kawo shi a babur. Yana cikin gudu a filin ƙafar dama ta yi ƙara, ya ce kamar an tsinke igiya, ya kifa. Ta kumbura har idon sawu, ƙasan ya yi baƙi. Ya kwanta a tsakar ɗaki yana dukan siminti.

Barkono ya ce, "Matar nan ce. Aikin banza ta yi maka, roba ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Ko kuwa shurin nan ta rama."

Auta ya ɗago ya ce, "Rama?"

Na ce ba ruwan Malama. Na ce ku ji tsoron Allah. Ba wanda ya ji ni. Abin da ya kamata in faɗa kuwa, na ɓoye shi.

Litinin, bayan la'asar

Wannan kam zan rubuta shi.

Da safe Barkono ya ɗora shi a babur suka nufi asibiti. Na kira Yaya muka bi su a mota. Kafin mu isa har an taru a ƙofar ɗakin. Ƙafafun roba a warwatse a ƙasa. Barkono ya kifar da teburin gam. Auta yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya dafa bango, ɗaya hannun riƙe da guduma daga kayan aikinta. Wani dattijo mai ƙafa guda da ya zo awo ya rarrafa ƙarƙashin benci.

Auta yana cewa, "Kin gurgunta ni! Me na yi miki da ban ba ki haƙuri ba?"

Malama ta jingina da injinta. Ta tsorata. Amma ta ce, "In za ka fasa mini kai, bari in ga aikina tukuna. Miƙo."

Barkono ya jefa mata shimfiɗar a fuska. Ta ɗauka ta danna tudun da babban yatsa, ya lotsa kamar burodi. Ta juya bayanta. Ta daɗe tana kallo. Ta kai ta bakin taga ta sake kallo.

Ta ce, "Injina ba ya barin irin wannan sawu. Wuƙa ce. An fere, an sake ferewa, an goga a ƙasa don kar a gani." Ta dubi Auta. "Wa ke taɓa maka takalma?"

Ban san fuskata ta yi me ba. Na dai ga Malama ta dube ni ta sunkuyar da kai, sai Auta ya bi idonta.

Yaya ta yi wuf ta shiga tsakani. "To in ma Umma ce, ai gyara ta ɗauka tana yi. Ta ga yana matsa maka. Tsohuwa ce, ina ta san wannan?"

Auta ya ce, "Ta sani." Muryarsa a ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba. "Ita ta karanta mana takardar. Kada a yanka, kada a gurza. Har tafi kika yi mata, Yaya."

Ya ce, "Umma."

Na ce, "Na fi son ka da ɗingishi a kan in wanke gawarka."

Gudumar tana hannunsa. Na ga yatsunsa sun ƙara damƙe ta. Na tsaya, ban kare kaina ba. Ya ɗaga ta ya sauke a kan akwatin soson da ke kan benci, ya sake, ya sake, har akwatin ya zama gari, dattijon da ke ƙasa yana salati. Sannan ya jefar ya zame ya zauna.

Ya ce, "Su da tiyo suka yi. Ke da wuƙa. Su aƙalla ba su gasa mini da ruwan zafi bayan sun gama ba."

Barkono ya tofar da yawu. Ya ce, "To ɗan Umma, zauna a goya ka. Mu da ba a fere mana takalma ba za mu je." Ya fita, na ji tashin babur ɗinsa.

Malama ba ta kira masu gadi ba. Ta ce masa ya ɗora ƙafar a benci da kansa, ta duba ba ta taɓa ba. Ta ce jijiyar ta sake yagewa, fiye da na farko, saboda ya yi ta gudu a kan abin da ba ya tokare komai. Za a sa filasta. Idan an cire za ta yi wata shimfiɗar. Ta ce, "Ciwon zai ragu. Ɗingishin kuwa, ban yi alkawari ba."

Da za mu fita ta riƙe ni a ƙofa ta ce a hankali, "Mama, ni ma ina da ɗa. Amma kada ki ƙara sa wuƙa a aikina."

Talata

Ya rufe ƙofa. Abincin yana nan inda na ajiye.

Laraba

Abin da ke ƙarƙashin katifa babu shi. Yaya ta ce Barkono ya zo ina wurin aiki.

Alhamis, da yamma

Muna guga wajen la'asar sai muka ga hayaƙi ta ɓangaren sito. Sai jiniya. Sai mutane suna gudu suna shigewa shaguna, mai shagonmu ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe mu a ciki. Na san Auta yana gida. Na san da filasta a ƙafarsa. Duk da haka na yi ta dukan ƙofar har aka buɗe mini, na yi gudun da ban yi ba tun ina budurwa.

Yana nan. Yana zaune a bakin taga da waya a hannu, yana kira ba a ɗauka.

Labarin ya iso kafin magariba. Su Barkono sun shiga lokacin canjin masu gadi, sun cinna wa rumfar ƙofa wuta. Ashe an san da zuwansu. An rufe ƙofar bayan sun shiga. Mai Tabarau ya samu sara a hannu, an ɗinke, yana gidansa. Biyu sun haura katanga, ɗaya yana hannu. Barkono gajere ne, bai kai katangar ba. Da ƙarafan lodi masu gadin suka dake shi. An ce sai da rigarsa aka gane shi.

Auta bai yi ihu ba. Ya ɗaga ƙafar mai filasta ya buga a ƙasa. Ya sake bugawa. Filastar ta tsage, bai daina ba. Ni da Yaya muka danne shi, ya watsar da mu. Sai da mai burodi da wani maƙwabci suka hawo suka ɗaure masa hannuwa da zanen gado. Yana cewa, "Ni ne dogo. Da ina wurin da na cilla shi. Ni ne dogo."

Asabar, da rana

Na je gaisuwa. Uwar Barkono tana zaune a tabarma, idanunta sun bushe. Shekara da shekaru muna haɗuwa a bakin famfo da ita. Ta kama hannuna na dama da hannayenta biyu ta ce, "Ya jikin Auta? Ke dai ki gode wa Allah, 'yar'uwa. Ciwon ƙafar nan rahama ya zame miki. Ni nawa lafiyarsa ce ta kai shi."

Na ce Allah ya ji ƙansa.

Ta ce, "Ko a mafarki ban san yana shirya wani abu ba. Da na sani da na kwanta a ƙofa sai dai ya taka ni."

Na sani. Tun ranar dutsen washi na sani. Gidanta ba nisa, ana jin kiran sallar masallaci ɗaya. Na yi ta tunanin wuƙa da roba da yadda zan ɓoye ɓawo, ban taɓa tunanin in taka in gaya mata ba. Sai yau a kan tabarmarta abin ya zo mini. Ɗa ɗaya na ƙirga.

Ba ta saki hannuna ba har aka kawo ruwa.

Lahadi

Ba ya ce mini Umma. Ba ya ce mini komai. Idan yana son abu sai ya ce, "Yaya, ce mata."

Talata, da safe

Yau za a sake sa filastar da ya fasa. Yaya ta sauka neman mota. Ya fito daga ɗaki yana tsalle da ƙafa ɗaya yana bin bango, ya tsaya a saman matakala. Ya rame. Gemu ya fito masa.

Na matso na ba shi kafaɗa. Na dai tsaya inda hannunsa zai kai.

Ya dubi kafaɗar. Sai ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar a gabansa, ya fara sauka da mazaunai, yana dafawa da hannu yana jan jiki, filastar tana bugun kowace matakala. Maƙwabta suka buɗe ƙofofi suka sake rufewa. Ya yi gumi, rigarsa ta manne a bayansa. Bai waiwayo ba.

Na tsaya a sama ina kallon tsakiyar kansa yana nisa. Ina jin numfashinsa har ƙasa, da ƙarfi, irin na mai fushi. Numfashi ne dai.